Zane Mai Ba Da Labari a Littattafan Matafiya na Ƙarni na 19

A ƙarni na 19, kafin na'urar ɗaukar hoto ta yaɗu, zanen hannu shi ne idon mai karatu. Zane mai ba da labari shi ne wanda ke nuna mutane cikin wani al'amari, kamar ayari a kan hanya ko sarki a zaman fada. Ta irin wannan zane ne yawancin mutanen Turai suka fara ganin Sahara da ƙasar Hausa.

Tsohuwar hanyar fatake daga Tarabulus zuwa Borno da Kano ta ratsa Fezzan, a kudancin Libiya ta yau. Tana bi ta garuruwan Wadi Bawanis, wato Zighan da Samnu da Tamanhint, sannan Sabha da Murzuk. Wani Bature ɗan Ingila, George Lyon, ya bi ta a 1819. Littafinsa na 1821 yana ɗauke da zane-zane masu launi: Buzaye da rawunansu, raƙumi ɗauke da amarya, da ayarin bayi. Wannan na ƙarshe ya yi aikin shaida, domin Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807, amma a hamada ana ci gaba da shi.

Bayansa sai Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya tashi daga Tarabulus a 1850, ya isa Kano a Fabrairun 1851. Ya hau dutsen Dala ya zana birnin: gidajen ƙasa da bukkoki da itatuwan dabino. Zanen ya fito a littafinsa mai juzu'i biyar na 1857 zuwa 1858, kuma har yau ana sa shi a littattafan tarihin Kano.

Sai dai hoton da aka buga ba hannun Barth kaɗai ba ne. Wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, shi ya sake zana shi domin bugawa. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka Kano ba. Ke nan hoton ya bi ta ido biyu, na wanda ya gani da na wanda ya ƙawata, kuma dukansu masu karatu na Turai suke yi wa aiki. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma a nan ganin ma na wani ne.

Saboda haka ɗalibi ya karanta zane kamar yadda yake karanta rubutu, yana tambayar wa ya yi shi, domin wa, kuma me aka bari a waje.

Tambayoyi
1. Mene ne zane mai ba da labari?
2. Waɗanne garuruwa ne ke Wadi Bawanis?
3. Me ya sa aka ce hoton Kano ya bi ta ido biyu?