Gona, Garke da Ran Ɗan Adam: Yaushe Aka Yarda Ka Kashe Ɓarawo?

Da zarar hatsi ya nuna, aka fara ɗaure dammai a gonakin Agye da Gazawa, sai wata tsohuwar magana ta dawo bakin mutane, a majalisar dare, a kasuwar Cadawa, har cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Wai duk wanda ka kama cikin gonarka ko a bakin turken bisashenka, jininsa ya halatta, ko gaban alƙali aka je ba abin da za a yi maka. Wasu su jingina ta ga addini, wasu su ce ai dokar ƙasa ce ta faɗa.

A gundumar Gidan Rumji maganar ta fi zafi, kuma da dalili. Tun wajen 2019 mutanen Tsibiri da Gidan Sori da ƙauyukan bakin iyaka ke barci da ido ɗaya. Ƴan bindiga na ƙetarowa daga Najeriya, su kora shanu, su ɗauke mutum sai an biya fansa, ga kuma dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka fake a yankin. Mutumin da aka kwance wa shanun huɗa biyu cikin dare ɗaya, waɗanda da su yake noma, da su yake jan amalanke, ba ƙaramin rashi ya yi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa in zuciyarsa ta tafasa. Duk da haka maganar nan ta halattar jini ba ta da tushe, a doka ko a fiƙihu, kuma masu yaɗa ta ba su za su kwana gidan kaso ba.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka yi masa gyara mai yawa a 2003, ya yi magana kan kare kai a ayoyi na 43 da 44. Abin da ya tanada shi ne, babu laifi kan mutumin da larurar kare kansa, ko kare wani, ta tilasta masa a daidai wannan lokacin. A lura, ran mutum da jikinsa aka sa a gaba. Sai dokar ta kawo yanayi biyu da take ɗauka a matsayin kare kai: wanda ya tunkuɗe mai haura katanga ko fasa ƙofar gidan da mutane ke zaune ciki da dare, da wanda ya kare kansa daga masu sata ko wawaso da ƙarfin tsiya. Dukansu biyu akwai barazana ga rai. Wanda ya diro maka gida ƙarfe biyun dare, ba ka san ko akuya ya zo nema ko wuyanka ba, shi ya sa doka ta ba ka uzuri. Ko a nan ma, in da rana tsaka aka haura, uzurin raguwa yake yi, ya zama dalilin sassauta hukunci kurum.

To ina gona a cikin wannan lissafi? Ina yaron da aka tarar yana tonon aya ko tsinkar wake? Ina makiyayin da shanunsa suka kutsa cikin dawa? Babu su. Haka ma ɓarawon da ya ji motsi ya yar da tunkiya ya ruga, aka bi shi har bayan gari aka harbe shi ta baya. Haka wanda aka kama, aka ɗaure hannuwansa da igiyar guga, jama'a suka taru kansa da sanduna da taɓare har ya daina motsi. A idon doka wannan kisan kai ne, ko dukan da ya jawo mutuwa, kuma yawan masu dukan ba ya wanke ko ɗaya daga cikinsu.

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don suna ɗaukar kare kai kamar wani izini ne da ɓarawo ya ba su tun da ya taɓa kayansu, izinin da ba ya ƙarewa. Alhali kare kai kamar ruwan kashe gobara ne. Muddin wuta na ci, zuba iya ƙarfinka, ba mai tuhumarka. In ta mutu ka ci gaba da kwarara ruwa a kan ginin ƙasa har ya rufta, wannan ɓarnar taka ce, ba ta wuta ba. Kuma ba a kwashe rijiya ɗungurungum don garwashi ɗaya. Tambayoyin da alƙali zai yi ke nan: lokacin da ka ɗaga makami, haɗarin yana nan ko ya wuce? Abin da ka mayar ya yi daidai da abin da aka kawo maka?

Masu kafa hujja da addini sukan ambaci hadisin nan sananne da ya ba da matsayin shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa. Hadisin ingantacce ne, amma a duba kan wa yake magana: kan mai dukiyar da aka kashe, wanda ɗan fashi ya tsare. Malaman Malikiyya da muke karanta littattafansu a zaurukanmu sun shimfiɗa matakai. A fara da gargaɗi da tunatarwa in da hali, a yi kururuwa a nemi agajin jama'a, a tunkuɗe maharin da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Ba a kai ga kisa sai in babu wata hanya. Haddi da hukunci kuwa aikin mahukunta ne, bayan shaida, ba aikin taron kasuwa ba. Game da ɓarnar dabbobi ma hukuncin a bayyane yake cikin Muwaɗɗa da Risala: abin da suka ɓata da dare masu su ke biya. Biya aka ce. Ko a labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan tumakin da suka shiga gona, cikin suratul Anbiya, shari'a aka zauna aka yi.

Mu a jahar Maraɗi ba sai an ba mu labarin ƙarshen wannan tunani ba. Ranar 30 ga Oktoba 1991, ana sauran kwanaki kaɗan a rufe babban taron ƙasa a Yamai, rigimar ɓarnar gona a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ta rikiɗe ta zama kisan gilla. Sama da mutum 100 suka mutu, akasarinsu mata ne da yara na Fulani. Ba su ne suka shiga gonar kowa ba. A Nuwamba 2016 kuma aka sake ganin makamancin haka a Bangi ta jahar Tawa, inda mutane kusan 20 suka hallaka. Duka a watannin kaka ne, lokacin da amfani ke zube a gona, garkuna kuma na gangarowa daga arewa. Kaɗan daga cikin masu ɗaukar makami ne ke fita da niyyar kashe jariri. Cewa suke yi za su kare guminsu, amma in jini ya zuba sau ɗaya, ba mai iya tsayar da abin a iyakar gonar da aka ɓata.

Bayan Toda ne aka samu dokar tsarin karkara ta 1993, sai ta makiyaya ta 2010, da kwamitocin filaye da ake kira COFO tun daga gunduma har ƙauye. Hanyar da aka shata mai sauƙi ce. In dabbobi sun yi ɓarna, a kai su wurin da hukuma ke tsare bisashe, ba tare da an sare su ko an raunata mai kiwon ba. A kira maigari da wakilin makiyaya da malamin gona su auna ɓarnar, a nemi sulhu gaban sarakuna, a rubuta takarda. In sulhu ya gagara, sai kotu. Akwai kuma ranar sakin gonaki da hukumomi ke tsayarwa kowace shekara, wadda kafin ta makiyayi ba shi da damar shiga, bayanta kuma manomi ba shi da bakin kuka kan abin da ya bari a fili.

A takarda komai ya yi kyau. Abin da ke tura talaka ga ɗaukar doka a hannunsa shi ne abin da yake gani da idonsa. Ya kai ƙara, a ce masa motar jandarma ba mai, sai ya zuba. A kama ɓarawon shanu yau, jibi a gan shi yana shan shayi a tasha. A auna ɓarna, diyyar ta maƙale tsakanin masu sulhu. Can kuma wani mai ƙarfi ya nome burtali, ya toshe hanyar mashaya, kwamitin filaye na kallo. A wuri irin Agye da Gazawa, inda jama'a ta yi yawa har gona ta kai bakin gona, toshe burtali ɗaya ya isa ya haddasa fitina. Jami'in da ya saki ɓarawo don an ba shi wani abu yana da kaso cikin jinin da za a zubar gaba, ko da ba ya wurin.

Sai batun bindiga. Mallakarta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai zaman kansa a Nijar, ko ba ka taɓa harba ta ba. Masu cewa kowane ƙauye ya tara kuɗi ya sayi makamai su leƙa Zamfara. Can ma da sunan kare dukiya ƴan sa-kai suka fara, suna kama mutane a kasuwa suna kashewa ba shari'a, ramuwar gayya ta biyo baya, kuma ga mutanen yankin can muna ba su masauki a Cadakori da Garin Kaka. Sintirin matasa da fitila da usur, waɗanda maigari ya san sunayensu kuma suke miƙa wanda suka kama ga jandarma da ransa da lafiyarsa, abu ne mai amfani. Wanda ya wuce haka ya shiga wani sha'ani daban.

Kira ga limamai da malamai masu wa'azi a gidajen rediyon karkara: kafin a fara girbi, a karanta wa jama'a babin nan na kare kai cikakke, da sharuɗɗansa, kada a tsaya a rabin hadisi. Hukumomin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji su sanar da ranar sakin gonaki da wuri, cikin Hausa da Fulatanci, su buɗe burtalin da aka cinye, kuma duk wanda aka kawo musu da kayan sata a hannu, a bari mai ƙara ya ga an kai shi gaban alƙali.