Yadda Tarin Fuka Ke Farkawa a Cikin Jiki

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, wato tibi. Amma biyar zuwa goma ne kawai cikin ɗari na waɗanda suka kamu ciwon ke kwantarwa.

Ta iska ƙwayar take shiga. Mai ciwon ya yi tari a ɗakin da ba taga, ƙwayoyin su yi ta shawagi na sa'o'i, na kusa da shi ya shaƙe su har can cikin huhu. Nan sojojin garkuwar jiki ke haɗiye ƙwayar, sai dai fatarta mai maiƙo ce da kauri, ba ta narkewa da sauƙi. Da jiki ya ga ya kasa kashe ta, sai ya yi mata ƙawanya ya tsare ta wuri guda. A haka za ta iya kwanciya shekaru. Mutum yana cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, ba tari, ba zazzaɓi, kuma ba ya sa wa kowa.

Ranar da garkuwa ta yi rauni, ƙawanyar nan ta ɓalle. Ƙanjamau ne kan gaba wajen jawo haka, sai yunwa, ciwon suga, shan taba da giya, da tsufa. Ƙananan yara kuwa garkuwarsu ba ta riga ta yi ƙwari ba. Shekara biyun farko bayan kamuwa su suka fi haɗari. Idan ƙawanyar ta ɓalle, tsakiyar wurin da aka tsare ƙwayar sai ya ruɓe ya narke, ya fashe cikin hanyar numfashi, ya bar rami, galibi a saman huhu. A ramin nan ƙwayoyin ke hayayyafa, daga nan suke fitowa da majina, wani lokaci har da jini. Idan suka bi jini kuma, suna iya kaiwa ƙashin baya ko lulluɓin ƙwaƙwalwa, wasu su kumbura kaluluwar wuya.

Abin takaici, ciwon a hankali yake zuwa. Zazzaɓin yamma, zufar dare har ta jiƙa zanin gado, wando ya fara yi wa mutum yawa. Sai a ce sanyi ne, a sayi maganin tari a kemis, wasu ma su ce sammu ne, alhali 'yan ɗaki suna ta shaƙa. Ba gado ba ne. Yana bin gida ne saboda iska ɗaya ake shaƙa.

Duk tarin da ya kai mako biyu, a je asibiti a ba da majina. A Najeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Wata shida ake sha: magani huɗu a wata biyun farko, biyu a wata huɗun ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu, Rifampicin, yana sa fitsari ya yi ja-ja, kada a tsorata. Sauƙi yakan zo cikin 'yan makonni, kuma a nan ne mutane da yawa ke ajiye magani. Ƙwayoyin da suka saura kan dawo da ciwon, wani lokaci su dawo ba sa jin maganin farko, a koma wani mai wahalar sha.