Rubutun da Ke Gina Kwamfutoci: Yadda CERN Ta Ɗora Kubernetes a Kan Girgijenta

A bakin iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Jeniba, cibiyar binciken kimiyya ta CERN tana da rami a ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kilomita 27, inda ake gwara ƙwayoyin zarra da juna don a ga abin da zai fito. Duniya ta san wurin ne tun ranar 4 ga Yulin 2012, da aka sanar da gano ƙwayar nan ta Higgs. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne tarin kwamfutocin da ke tace bayanan da ramin ke fitarwa dare da rana, da kuma mutanen da ke kiwon waɗannan kwamfutoci. Labarinsu ya fi shafarmu fiye da yadda muke zato, domin tambayar da suka yi fama da ita ita ce ke gaban kowane banki, jami'a ko ma'aikata da ke son riƙe bayananta a gidanta.

A watan Yulin 2013 CERN ta buɗe wa masu bincikenta girgije nata na kanta. Ma'anar haka a sauƙaƙe ita ce, injunan suna cikin gininta, wutar da suke sha ita ke biya, amma ma'aikaci yana neman kwamfuta ta allonsa kamar yadda zai yi haya a wurin Amazon ko Google, ba tare da ya jira an sayo ƙarfe an ɗaura ba. Manhajar da ta ba da wannan dama ita ce OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka fara a 2010 suka kuma buɗe ta ga kowa. Tana da sassa, kowanne da aikinsa: Nova ke yanko kwamfutocin kwaikwayo daga cikin manyan injuna, Neutron ke shimfiɗa hanyoyin sadarwa, Cinder ke ba da faifan ajiya, Keystone kuma ke tsaron ƙofa. Girgijen CERN ya ci gaba da girma har ya kai ƙwayoyin sarrafa lissafi kimanin 300,000.

Ana cikin haka sai ga wani sauyi. A watan Maris na 2013 Solomon Hykes ya nuna Docker a bainar jama'a, hanyar da ake ƙunshe manhaja tare da duk abin da take buƙata cikin abin da ake kira kwantena, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Kwantena ɗaya ba ta da wahalar riƙo. Idan suka kai dubu, sai an sami mai raba musu wurin zama, mai tayar da wadda ta mutu, mai ƙara yawansu idan aiki ya yi yawa. Google, wanda ya daɗe yana yin wannan a cikin gida da wata manhaja mai suna Borg, ya fito da Kubernetes a watan Yunin 2014, sigar farko cikakkiya ta biyo baya a Yulin 2015.

To amma Kubernetes ba ya tsayuwa a kan iska. Kafin ya fara kiwon kwantenoni, sai an gina masa gungun kwamfutoci: wasu su zama jagorori, saura su zama ma'aikata. Jagororin suna riƙe da wani kundi mai suna etcd inda ake rubuta halin da komai ke ciki, kuma kundin ba ya karɓar sabon rubutu sai mafi rinjayen jagororin sun amince. Shi ya sa ake sa su uku ko biyar: uku za su jure mutuwar ɗaya, biyar za su jure mutuwar biyu. Sannan a shimfiɗa hanyar sadarwa tsakaninsu, a buɗe ƙofofin da suka dace a rufe saura, a kafa mai raba nauyin zirga-zirga a gaba, a yanka wa kowace na'ura takardar shaidar da za ta gane 'yar'uwarta da ita. Gwani zai iya yin duk wannan da hannu. Amma idan ƙungiyoyin bincike ɗari kowacce tana son gungunta, hannu ya gaza. Mafi muni ma, gungun da aka gina da hannu, yadda aka gina shi yana cikin kan maginin ne kawai, ranar da ya bar aiki ya tafi da saninsa.

A nan samfuri ya shigo. Amazon ya fara nasa, CloudFormation, a 2011, sai injiniyoyin Red Hat suka tayar da irinsa ga OpenStack, suka sa masa suna Heat, ya zama cikakken sashe a fitowar Havana ta Oktoban 2013. Samfurin Heat rubutu ne kawai a tsarin YAML, wanda mutum zai iya karantawa da idonsa. A cikinsa ba a cewa "yi kaza, sannan ka yi kaza". Ana bayyana abin da ake so ya kasance ne: hanyar sadarwa ɗaya, jagorori uku masu girma kaza, ma'aikata ashirin, kowanne da faifai kaza. Heat shi zai duba ya gane cewa ba a ɗora kwamfuta kafin a shimfiɗa hanyar da za ta hau, ya jera aikin da kansa, ya kira Nova da Neutron da Cinder ɗaya bayan ɗaya. Akwai guraben da ake bari a buɗe, kamar yawan ma'aikata ko sigar Kubernetes, don mai nema ya cike da kansa. Kowace kwamfuta da ta tashi tana karanta umarnin da aka liƙa mata, ta girka abin da aka ce, sannan ta aika wa Heat saƙo cewa ta shirya. Idan saƙon bai zo ba har lokacin da aka ɗiba ya cika, sai a rubuta cewa gini ya gaza.

Samfuran gina Kubernetes suna da tsawo da sarƙaƙiya, don haka aka sake ɗora wani sashe a kan Heat mai suna Magnum, wanda Adrian Otto na Rackspace ya jagoranta a farkonsa. Da Magnum, masu kula da girgije su ke rubuta samfurin gungu su gwada shi, shi kuwa mai bincike layi ɗaya zai buga: ina son gungu daga samfuri kaza mai ma'aikata kaza. Magnum zai yanka takardun shaida ya adana su a sashen ajiyar sirri mai suna Barbican, ya miƙa wa Heat sauran aikin. CERN ta rungumi wannan hanya, kuma a 2016 injiniyoyinta suka gwada ta da gungu mai kwamfutoci 200 wanda ya amsa buƙatu miliyan 2 a daƙiƙa guda. Aikin da a da sai gwani ya zauna masa ya koma na mintuna, masanin kimiyyar da bai taɓa ganin cikin etcd ba ya sami gungunsa ya shiga harkar da ta kawo shi.

Iyakar abin da masu tallar fasaha ke faɗa ke nan, kuma gaskiya suke faɗa. Ni dai a ganina, wahalar ba a ranar gini take ba. Samfuri kamar abin buga bulo yake: idan ya miƙe, bulo dubu za su fito a miƙe, idan kuwa ya karkace, dubun nan duka a karkace za su fito, kuma ba za a gane ba sai an ja bango. Ga misali da masu wannan sana'a suka sani sarai. Ƙunshin bayani a hanyar sadarwa ta yau da kullum ba ya wuce bayit 1500. Idan Neutron ya naɗe zirga-zirga cikin VXLAN, naɗin yana cin bayit 50, saura 1450. Idan manhajar sadarwar kwantenoni, irin su Flannel, ta sake yin nata naɗin a ciki, saura 1400. Samfurin da bai yi lissafin wannan ba zai gina gungu lafiya lau, ya ba da rahoton nasara, ƙananan saƙonni su riƙa wucewa sumul. Sai ranar da aka turo babban fayil komai ya tsaya cik, babu saƙon kuskure, babu bayani. Lamba ɗaya ce a cikin rubutu, amma tana iya hana ƙungiya guda barci.

Akwai kuma wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Domin gungu ya iya neman faifai daga Cinder ko mai raba nauyi daga Octavia, Magnum yana ƙulla masa wakilci a Keystone da sunan wanda ya gina shi. Idan mutumin ya bar aiki aka goge asusunsa, wakilcin ya tafi tare da shi. Gungun zai ci gaba da aiki kamar ba komai, sai ranar da ya buƙaci sabon faifai a ce masa ba a san shi ba. Wannan ba matsalar kwamfuta ba ce tsantsa, matsala ce ta yadda ofis ke sallamar ma'aikacinsa, amma a cikin samfuri take kwance.

Babban abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsufa. Rubutun samfuri yana nan yadda aka bar shi, amma ƙasar da yake tsaye a kai tana tafiya. OpenStack na fitar da sabuwar siga duk wata shida. Kubernetes na fitarwa sau uku a shekara, kuma kowace siga wata 14 kawai ake kula da ita. Samfuran Magnum na farko a kan babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta Fedora Atomic aka gina su. Bayan Red Hat ya sayi kamfanin CoreOS a 2018, sai aka rufe babin Atomic a ƙarshen 2019, aka koma Fedora CoreOS, wanda ba ya karɓar umarnin farko ta cloud-init sai ta Ignition, don haka dole aka sake rubuta sassa da dama. A watan Nuwamban 2020 Docker Hub, ma'ajiyar da ake sauko ƙunshin kwantenoni daga cikinta, ya sa iyaka: wanda bai yi rajista ba, sau 100 kawai zai sauke ƙunshi cikin awa shida. A girgijen gida kuwa, sau da yawa duk kwamfutocin da adireshi ɗaya suke fita waje, saboda haka babban gungu yana iya cinye rabonsa tun kafin ya gama tashi. A 2022 Kubernetes 1.24 ya cire gadar da ke haɗa shi kai tsaye da Docker. A 2023 aka daina sabunta tsohuwar ma'ajiyar da ake sauke sassan Kubernetes daga cikinta, aka koma sabon adireshi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai taɓa harafi a samfurin kowa ba, amma kowanne ya isa ya sa samfurin da ya yi aiki bara ya ƙi tashi bana.

CERN ta jure wannan ne saboda ba ta ɗauki samfuri a matsayin kayan da aka saya aka ajiye ba. Injiniyoyinta sun shiga cikin masu rubuta Magnum ɗin kansa, har ɗayansu, Spyros Trigazis, ya shugabanci aikin na wani lokaci. Ta kuma kafa ma'ajiyar ƙunshe-ƙunshenta a cikin gida da manhajar Harbor, don kada ginin gungu ya rataya ga ƙofar wani. Wannan shi ne kuɗin da ake biya, kuma da mutane ake biyansa, ba da ƙarfe ba.

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu. Tun 2013 ƙa'idojin hukumar NITDA suka nemi a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin Nijeriya, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta sa hayar girgije da dala ta zama nauyi. Duk waɗannan dalilai ne masu ƙarfi na gina girgijen gida, kuma ina goyon bayansu. Sai dai mu tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Ma'aikatar da injunanta ke Abuja ko Kano, amma samfurinta sai ya leƙa Turai ko Amurka kafin ya tayar da kwamfuta ɗaya, a irin wannan rana ba za ta iya maye gurbin kwamfutar da ta mutu a gungunta ba. Injunan nata ne, ikon sake gini kuwa yana hannun wasu. Gwajin da nake ganin ya kamata kowane shugaban sashen fasaha ya nema ba shi da tsada: a toshe hanyar waje, a ɗauko samfurin daga ma'ajiyar Git, a miƙa wa ma'aikacin da ba shi ya rubuta shi ba, a ce ya gina sabon gungu. Duk inda aikin ya tsaya, nan ne ake bin ma'aikatar bashi.

Shi kansa Heat yanzu yana ja da baya a wannan fage. Rauninsa shi ne sai an kira shi yake motsi: ya gina, ya koma ya zauna, kuma ɗaga sigar gungun da ke cikin aiki ta hannunsa abu ne da masu kula da girgije suka daɗe suna kuka da shi. Masu Kubernetes sun fito da Cluster API, wanda ya kai siga ta 1.0 a Oktoban 2021. A wannan tsari wani ƙaramin gungu ne ke riƙe da bayanin yadda sauran ya kamata su kasance, yana dubawa ba dare ba rana, idan kwamfuta ta mutu ya tayar da wata, idan an canza lambar siga a rubuce ya riƙa musanya injunan ɗaya bayan ɗaya. Kamfanonin VEXXHOST na Kanada da StackHPC na Ingila sun rubuta hanyoyin da Magnum zai yi aiki da shi, masu kula da Magnum kuma sun sanar da cewa za su ajiye tsohuwar hanyar Heat, kamar yadda suka riga suka cire Mesos da Docker Swarm, takwarorin Kubernetes wajen kiwon kwantenoni. Mai bincike zai ci gaba da buga layinsa ɗaya kamar da. Masu kula da girgijen su ne za su sake zama su rubuta samfuransu a sabon tsari, su kuma ɗauki nauyin kiwon wannan ƙaramin gungu da sauran duka suka dogara da shi.