Biyolonsel, babban gogen Turawa: yadda ake zaɓensa da yadda ake kula da shi

Duk wanda ya taɓa jin kukan goge a fagen wasa ya san abin da izga ke iya yi in ta hau tsirkiya. To, su ma Turawa suna da nasu gogen, kuma a cikin danginsa akwai wani babba da Faransawa ke kira biyolonsel. A zaune ake kaɗa shi, mai kiɗa ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa, wani tsinken ƙarfe na tokare da ƙasa. Tsawon cikinsa kamar santimita 75 ne, tsirkiyarsa huɗu: do, sol, re da la. A yau maganarmu ta shafi waɗanda suka wuce ƴan koyo amma ba su kai gwanaye ba, har da ƴaƴanmu masu karatu a waje, domin su ne suka kai lokacin barin na haya su sayi na hannu, kuma a nan ne mutum ke iya zubar da kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa.

Asalin sana'ar

Garin Cremona na ƙasar Italiya shi ne cibiyar wannan sassaƙa tun ƙarni na 16, zamanin Andrea Amati. A can ne Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya rage girman biyolonsel ya kawo shi kusa da siffar da ake bi har yanzu. Wanda ya sassaƙa a 1711, mai suna Duport, ya daɗe a hannun Mstislav Rostropovich. A 2012 hukumar UNESCO ta sa sana'ar Cremona cikin al'adun duniya na gado, a 2013 kuma ta sa imzad, gogen matan Abzinawa na Nijar, Mali da Aljeriya. Ke nan ba mu zama baƙi a wannan fage ba.

Bambancin shi ne gogenmu ƙwarya ce da fatar guza, shi kuwa biyolonsel icce ne zalla. Fuskarsa ta icce mai sauƙi ce da ake kira episeya, baya da wuya na erabul ne, inda yatsu ke taka tsirkiya kuma baƙin icce ne, dangin kanya. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin sanda a tsaye tsakanin fuska da baya, Faransawa na ce mishi “rai”, domin in ya gusa ko kaɗan sauti ya canza.

Kafin a biya

Hausawa na cewa sayen nagari, mai da kuɗi gida. Wanda masassaƙi guda ya yi da hannunsa a Turai sau da yawa yana haura miliyan 10 na sefa. Akwai kuma na tsakiya, wanda ma'aikata da dama ke haɗawa a ƙarƙashin maigida guda, kuma yawanci shi ya fi dacewa da aljihun ɗan matakin tsakiya.

Abu na farko, kada takardar da aka manna a ciki ta ruɗe ka. A ƙarni na 19 masana'antun Mirecourt a Faransa da na Markneukirchen a Jamus sun fitar da kaya masu tarin yawa ɗauke da sunan Stradivari, alhali kwaikwayon siffarsa kawai aka yi. Ka nemi shaidar masassaƙi a rubuce, da rasit.

Na biyu, ka tafi da malaminka. Abin da kunnen mai kiɗa ke ji daban yake da abin da ke isa ƙarshen zaure, saboda haka ka ba wani ya kaɗa, kai ka ja da baya ka saurara. Dillalai da yawa suna yarda a kai shi gida gwaji na ƴan kwanaki, ka nemi hakan. Ka bi kowace tsirkiya daga ƙasa har sama, ka kula da wajen fa, inda wani sauti mai rawa da ake kira “kyarkeci” ke ɓoyewa. Ko masu tsada suna da shi, abin dubawa shi ne ko ana iya lallashinsa.

Na uku, ka sa wani masassaƙi da ba shi da riba a cinikin ya duba tsagewa, musamman ta wajen sandan ciki, wadda ke karya daraja ƙwarai. In hannunka ƙarami ne, akwai mai girman 7/8, babu abin kunya a ciki. Kada kuma kuɗi su ƙare ba ka tanadi na baka ba. Bakan ƙwarai da iccen fernambuko na Barazil ake yi, wanda tun 2007 cinikinsa ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, don haka ka tambayi takardunsa kafin ka tsallaka iyaka da shi.

Hunturu, babban maƙiyi

Icce na sha yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Masassaƙa na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, alhali a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a hunturu da farkon bazara takan sauka ƙasa da kashi 20. Mun san yadda ƙofar katako ke tsagewa a watan Fabrairu, ina ga icce mai kaurin ƴan milimita? Wanda ya kawo nashi gida sai ya riƙa ajiye shi a akwatinsa a rufe, da ɗan ma'aunin laima da soso mai danshi a cikin gwangwani mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa iccen ba. Da damana ta faɗi a cire soson. Kada a bar shi cikin mota a rana, kada a jingine shi gaban na'urar sanyaya ɗaki.

In gefe ya ɓalle kada a firgita. Da gangan ake haɗa shi da mannin fatar dabba, don haɗin ya saki kafin iccen ya tsage. Kuskuren shi ne a ɗauko mannin kafinta a danna, domin daga nan buɗe shi don gyara sai da ɓarna. A sassauta tsirkiya kaɗan, a jira gwani.

Sauran aikin na kullum ne. Bayan kiɗa a share ƙurar ƙaro da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a kusanto da turare ko alkol, suna cinye fenti. A sassauta izgar baka. Jakin da tsirkiya ke bi ta kansa ba a manne yake ba, a riƙa duba shi kada ya karkata. In za a sake tsirkiya a yi ɗaya bayan ɗaya, don in aka kwance su duka sandan ciki na iya faɗuwa.

Mai karatu, waɗanda Amati ya sassaƙa sun haura shekara 400, wasunsu na nan har yau saboda sun samu masu riƙo. Wanda bai shirya wannan ɗawainiya ba, gara ya ci gaba da na haya har ya shirya.