Kaluluwa da Tsoron Sankarar Jini

Kaluluwa aba ce da kusan kowa ya sani tun yana yaro. Idan mutum ya yi tuntuɓe yatsan ƙafarsa ya rure, bayan kwana biyu sai ya ji wani ƙullutu ya fito masa a matsematsi. A da ba a ɗaukar wannan da zafi, domin an san da zarar miki ya warke kaluluwa za ta sace. A yau kuwa, ɗalibi kan shafa wuyansa ya ji ƙullutu, ya duba intanet, ya ci karo da kalmar sankara, daga nan barci da karatu su gagare shi. Wani kuma yakan bar kumburi ya yi wata shida yana girma bai nuna wa kowa ba. Rashin sani ne ya haifar da halayen nan biyu, kuma dukkansu suna da illa.

Mece ce kaluluwa?

Ban da hanyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikin ɗan Adam masu ɗauke da wani ruwa garai-garai da masana ke kira limf. Ruwa ne da ke tsattsafowa daga jini ya jiƙa naman jiki, sa'an nan waɗannan hanyoyi su tattara shi su mayar cikin jini. A kan hanyoyin akwai 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle kimanin 600, yawancinsu ba su wuce ƙwayar wake ba. Aikinsu kamar na rariya ne: suna tace ruwan, suna tare ƙwayoyin cuta. A cikinsu akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit, waɗanda ke yaƙi da cuta. Idan cuta ta shigo, sai waɗannan ƙwayoyi su hayayyafa da sauri, ƙullin ya cika ya kumbura. Wannan kumburi shi ne kaluluwa, wato alama ce ta jiki yana kare kansa.

Kowane rukuni na ƙulle-ƙullen yana da yankin da yake tsaro. Gyambo ko kaushin da ya tsage a ƙafa yakan tayar da na matsematsi. Maruru a hannu yakan tayar da na hammata. Ciwon haƙori, ko na kunne, ko na maƙogwaro, yakan tayar da na ƙarƙashin muƙamuƙi da na wuya. Makero, ko kwarkwata, ko ƙurajen da kitso mai tsauri ke jawowa, sukan tayar da na ƙeya. Saboda haka tambaya ta farko ga wanda ya ga kaluluwa ita ce: wane ciwo ne yake kusa da ita?

Yaya yawan sankara a cikin masu kaluluwa?

A shekarar 1988 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a kan mutane 2,556 da suka je wurin likita da kaluluwar da ba a san dalilinta ba. Kashi 1.1 cikin 100 kawai aka samu da sankara. A cikin waɗanda ba su kai shekara 40 ba, adadin bai kai ko rabin kashi 1 ba. A ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa, kaluluwar wuya da ta daɗe ba ta sace ba, sau da yawa tarin fuka ne ke jawo ta, ko da mutum ba ya tari. Wannan yana warkewa da maganin wata shida, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Nijeriya. Cutar ƙanjamau ma takan kumbura kaluluwa a wurare da dama a lokaci guda.

Sankarar jini tana da manyan nau'o'i, ga biyu daga cikinsu. Akwai lukimiya, wadda ke farawa a ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Mai ita yakan yi fari fat saboda ƙarancin jini, ya riƙa haɓo ko zubar jini daga dasashi, zazzaɓi kuma ya yi ta dawo masa. Akwai kuma limfoma, wadda ke farawa a cikin ƙulle-ƙullen nan. Wani likitan Ingila, Thomas Hodgkin, ya bayyana wani nau'inta a 1832, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan nau'i. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani nau'in a tsakanin yaran Yuganda, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, kuma ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ya kamata a lura cewa cutar sikila ba sankara ba ce. Gadonta ake yi.

Alamomin da ake dubawa

Kaluluwar da ƙwayoyin cuta suka tayar takan fito da sauri, tana da taushi, tana zafi idan an taɓa, tana motsi a ƙarƙashin fata, kuma takan fara sacewa cikin mako 2 zuwa 3. Wani lokaci, musamman ga yara, ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Takan saura ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa har tsawon watanni, kuma wannan ba aibu ba ne.

Wadda ke bukatar ganin likita ita ce wadda ta wuce mako 4 ba ta ragu ba, ko take ƙara girma, ko faɗinta ya haura santimita 2, ko take da tauri kuma ba ta motsi. Haka nan wadda ta fito a ramin da ke saman ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa, ko yaya ƙanƙantarta. Idan kuma akwai zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko gumin dare mai jiƙa tufafi sharkaf ko da a lokacin sanyi, ko ramar da ta cinye kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum cikin wata 6, to, ba a jiran mako 4. Kumburin muƙamuƙin yaro mai girma kullum, wanda ke sa haƙora girgiɗi, shi ma na gaggawa ne. Ko ɗaya daga cikin alamomin nan ba hukunci ba ne cewa sankara ce. Dalili ne kawai na yin bincike.

Yadda za a sarrafa damuwa

Fargaba tana da nata alamomi: bugun zuciya, gumi, rashin barci da rashin cin abinci. Mai tsoron sankara yakan ga waɗannan ya ɗauka cutar ce ta tabbata, tsoron ya ƙaru. Bugu da ƙari, yawan latsa kaluluwa yana sa ta yi tsami ta daɗe ba ta sace ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a mayar da damuwa ta zama tsari. A rubuta ranar da aka fara ganin kumburin, a kwatanta girmansa da wake, ko gyaɗa, ko goro. A nemi ciwon da ke kusa a yi masa magani. A riƙa dubawa sau ɗaya a mako, a rana ɗaya tsayayya, sauran kwanakin a ƙyale shi. A sa ranar zuwa asibiti tun daga farko, idan kumburin bai ragu ba. A kuma faɗa wa iyaye, ko malami, ko ma'aikacin lafiya na makaranta, domin damuwar da aka ɓoye ita ta fi cin rai.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a guje wa. Na farko, kai kaluluwa wurin wanzami a yi mata sakiya ko tsaga, domin hakan na iya shigar da wata cutar ya kuma jinkirta gano ta asali. Na biyu, sayen ƙwayoyi irin su prednisolone da dexamethasone a kemis. Waɗannan sukan sa kumburin limfoma ya ragu na ɗan lokaci, su rikita sakamakon gwaji, su kuma tsananta tarin fuka.

A asibiti likita zai yi tambayoyi, ya duba jiki, ya sa a ƙirga ƙwayoyin jini, wataƙila a ɗauki hoton ƙirji. Idan da bukata, sai a zuƙo ɗan samfuri da allura, ko a cire ƙullin a duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wannan gwaji na ƙarshe shi ke tabbatar da limfoma. Shafawa da hannu ko karatu a waya ba sa iya yin haka.

Idan ta tabbata fa?

Sankarar jini tana cikin sankarorin da suka fi jin magani. A ƙasashen da ke da isassun kayan aiki, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu cutar Hodgkin suna warkewa. Afirka ma tana da hannu a wannan ci gaba: Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda aikinsa a kan maganin cutar Burkitt. Babbar matsala a ƙasashen Afirka ita ce isa asibiti a makare da kuma tsadar magani. Nan ne malamai ke da rawar takawa, musamman a makarantun kwana: su kwantar da hankalin ɗalibin da ya firgita da kaluluwar kwana uku, su kuma tabbatar an kai wanda tasa ta wuce wata guda gaban likita.