Alamun Da Ke Nuna Yaro Na Bukatar Asibiti Nan Take

Duk wanda ya san Kasuwar Bodija a birnin Ibadan ya san irin cunkoson da ake yi wurin sauke hatsi da wake da albasa daga Arewa. Da yawa daga Hausawan da ke wannan hada-hada suna zaune ne da iyalinsu a Sabo, unguwar da aka kafa tun 1916. In lafiya lau ake, kai yaro asibiti ba wuya. Amma ran da hankali ya tashi, kamar yadda ya faru a rikicin Kasuwar Shasha cikin Fabrairun 2021, inda mata da ƙananan yara suka bar gidajensu suka cunkushe wuri guda, to, a nan ne gudawa da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari kan sami ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamu huɗu na haɗari ga yaron da bai kai shekara 5 ba. Watau ya kāsa shan nono ko ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko kuwa ya yi laushi har a kāsa tashe shi. Ko ɗaya aka gani, ba a jiran gari ya waye.

Numfashi kuma ƙirga shi ake yi na minti guda, yaro yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. In ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja iska, lalle ciwon ya yi tsanani.

Mai gudawa, idan idanunsa suka faɗa, aka tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Sai a dama garin ORS cikin tsabtataccen ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanya, kada kuma a janye masa nono.

Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baka, kada a kara ƙafarsa a wuta, kada kuma a ɗura masa jiƙon fitsarin saniya, wanda likitocin Ibadan suka daɗe da tabbatar da cewa guba ne.

Asibitin Koyarwa na Jami'a, watau UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana kusa da Sabo da Bodija duka, yana kuma da ɗaki na musamman don yaran da ciwo ya kama farat ɗaya. Abin da ya kamaci kowane magidanci shi ne ya san direban da zai ɗauke shi da dare tun kafin bukatar ta taso, ya kuma bar wa maiɗakinsa izini da kuɗin mota, don kada ta zauna jiransa alhali yana kasuwa.