Sabuwar Ƙofa Ga Tsohon Talabijin

Sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa, ni na faɗa wata makarantar firamare a kan hanyar Paiko, ba nisa da Minna. Aka ba ni aji biyu. A cikin sito, ƙarƙashin karyayyun kujeru, na tarar da wani tsohon talabijin irin mai ƙeyar nan, wanda iyayen yara suka yi karo-karo suka saya tun da daɗewa. Ni kuwa ina da faifan DVD na koyon karatu, da injin da ke juya shi. Na yi murna ƙwarai. Amma da na leƙa bayan akwatin sai na ga rami ɗaya tak, na eriya. Na ari wani ɗan akwati mai mai da hoton faifai kamar na tasha, na haɗa. Hoto ya fito, amma duk yayyafi ne, bakin haruffa yana rawa. Yaran da ke layin baya ba su iya rarrabe "baki" da "baƙi", gama lanƙwasar kan harafin ta narke. Malamin Hausa ya san wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Na ɗauka akwatin ne ya tsufa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Tunga ya duba, ya ce mini, "Malam, idon akwatin nan lafiyarsa lau. Ƙofar da ka ke shigo da hoton ta nan ita ce ta yi nisa." Abin da na koya wurinsa, da wanda na ƙara bincikawa daga baya, shi na ke so in bayyana muku, 'yan'uwana, gama irin akwatunan nan suna jibge a makarantunmu da gidajenmu.

Yadda Hoto Ke Fitowa

Babbar kwalbar da ke cikin akwatin, wani Bajamushe ne mai suna Karl Ferdinand Braun ya fara ƙera irinta a 1897. An zuƙe iskar da ke cikinta sarai. A can wuyanta akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki zuwa gilashin gaba. Cikin gilashin an shafe shi da ɗige-ɗigen wani sinadari mai haske in an buge shi, wani ja, wani kore, wani shuɗi. Kowace bindiga da launin da ta ke nema. Daga launukan nan uku duk sauran su ke fitowa: ja da kore su ba da rawaya, ukun gaba ɗaya su ba da fari.

Harbin yana tafiya layi-layi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai karatun boko. A tsarin da Nijeriya ta bi, wanda a ke kira PAL, layi 625 ke yin hoto ɗaya, ana kuwa zana hoto 25 cikin daƙiƙa guda. In kun yi lissafi za ku sami layi 15,625 kowace daƙiƙa. Siririn fiton nan da yara kan ce suna ji in an kunna talabijin, tsofaffi su ce ba su ji kome ba, ƙarar wannan aiki ce.

To, ku riƙe wannan: abinci uku kwalbar ke so, ja da kore da shuɗi, kowane a kwanonsa.

Buhu Da Mota

A ce manomi a Bida yana da gero da dawa da shinkafa, zai aika wa ɗansa a Kaduna, amma buhu ɗaya gare shi. Tilas ya zuba su wuri guda, ya ɗinke, ya ɗora a mota. Can a Kaduna a sauke, a kwance, a zauna tsince. Kome ƙwazon mai tsincewa, sai an sami gero cikin shinkafa, ga ƙurar hanya kuma.

Haka gidan talabijin ke yi. Ya kan ɗauki launukan nan uku ya mai da su kashi biyu, haske da launi. Sa'an nan ya cusa launin cikin hasken ya zama saƙo ɗaya, wannan shi ne buhun. Sa'an nan ya ɗora shi tare da murya a kan igiyar iska, ita ce motar. Akwatinka ya kama ta eriya, ya sauke, ya raba murya da hoto, ya raba haske da launi, ya sāke fid da ja da kore da shuɗi. Kowane mataki da abin da ke zubewa.

A zamanin da, ba wata dabara sai wannan. Da aka buɗe tashar farko a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, da ta Kaduna a 1962, da lokacin da Jos ta fara nuna hoto mai launi a 1975, duk hoton da mutum zai gani daga nesa ya ke zuwa. Saboda haka masu ƙera akwati suka bar masa ƙofa ɗaya. Daga baya bidiyon kaset ya shigo, finafinan Hausa suka biyo ta cikinsa tun daga 1990, sa'an nan faifai, sa'an nan dikoda, musamman bayan da aka soma sauya tashoshi zuwa tsarin dijital a Jos cikin Afrilu 2016. Duk waɗannan a kan tebur ɗaya su ke zaune da talabijin. Ashe abin da na yi a ajina shi ne ɗora buhu a mota domin in kai shi ɗakin da ke kusa da nawa.

Ƙofofi Huɗu

Ta fari ita ce ta eriya, mafi nisa, mafi ƙura.

Ta biyu ita ce ramin nan mai launin rawaya da a ke kira AV, tare da fari da ja na murya. Nan an kawar da mota, amma buhu yana nan. Yayyafi ya kan tafi, sai dai ɗan rawar da ke bakin haruffa masu launi ba ta ƙarewa duka.

Ta uku ita ce S-Video, wani zagayayyen rami mai ƙananan huda huɗu. A nan haske da launi kowa da wayarsa, rawar nan kuwa sai ta tsaya.

Ta huɗu ita ce RGB, watau ja da kore da shuɗi kowane da wayarsa, kusan kai tsaye zuwa bindigogi. Ba abin da ya fi ta tsabta. Faransawa suka ƙago mata wani faffaɗan soket mai haƙora 21 da a ke kira SCART, suka kuma tilasta sa shi a talabijin ɗin ƙasarsu a 1980. Don haka akwatunan gwanjo da suka shigo mana daga Turai da yawa suna da shi. Kafin ka kai naka wurin gyara, juya bayansa ka duba, wataƙila ƙofar tana nan, waya kaɗai za ka saya.

Yadda A Ke Buɗe Ƙofa

Domin ramin rawaya, mai gyara ya kan bi hanyar hoto a kan allon da ke ciki, har ya kai inda aka riga aka sauke shi daga mota amma ba a kwance buhu ba tukuna. Nan zai yanke, ya sa makunni mai zaɓi biyu: ko hoton eriya, ko na sabon rami. Ƙarfin saƙon da ke shiga bolt 1 ne kawai. Ya kan sa rizista mai om 75 domin ta daidaita shi, da kafasita domin ta tsare wutar da ba a so. Haka zai yi wa murya. Sau da yawa aikin ya fi haka sauƙi, gama kamfani ya kan buga allo iri ɗaya domin akwati mai tsada da mai araha, sai ya bar gurbin ramukan fayau a cikin mai arahar. Dattijon ya nuna mini nawa: ga huda, ga ma sunayensu a rubuce, ba a dai sa kome ba.

Ta RGB kuwa dabararta ta fi ban sha'awa. Kun lura da koren rubutun nan da ke fitowa in an ƙara murya ko an sauya tasha, yadda ya ke fes ko da hoton bayansa ya lalace? Dalili shi ne ba ta eriya ya zo ba. Wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin akwatin ke rubuta shi, ta miƙa shi ja da kore da shuɗi ga babbar aisi mai sarrafa hoto, irin su TDA8362 ta kamfanin Philips. Akwai kuma waya ta huɗu mai ce wa aisi, "Rufe hoton tasha a daidai nan, ga rubutu." Watau ƙofar RGB tana ciki tun asali, 'yan gida kaɗai ke bi. Mai gyara sai ya haɗa wayoyi uku na waje da waɗannan, kowace da rizistarta da kafasitarta, ya sa makunni da zai ɗora 'yar wuta a kan waya ta huɗu kullum. Shi ke nan, gilashi duka ya zama na baƙon hoto. Saƙon da ke gaya wa bindiga inda layi zai fara kuwa, ta ramin rawaya a ke shigar da shi.

Amma a lura da abu uku. Ba riba a buɗe ƙofar RGB in na'urarka ba ta fid da RGB. Yawancin dikodojinmu rawaya da HDMI kaɗai gare su. Na biyu, ramuka uku masu kore da shuɗi da ja a bayan injin DVD wani tsari ne dabam, ba RGB ba ne, ko da ya ke launinsu na ruɗi. Na uku, kwamfuta tana zana layi ninki biyu na saurin talabijin ko fiye, kada a haɗa su kai tsaye sai da akwatin juyi a tsakani.

Inda Mutuwa Ta Ke

Da na ga aikin kamar da sauƙi na ce, "Baba, ashe da na sami ƙarfen dalma da na yi da kaina." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, ya kunna, ya ɗora awo tsakanin ƙarfen cikinsa da ƙasa. Allura ta tashi.

Ga bayanin. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Akwatuna da yawa masu ramin eriya kaɗai, ba a raba cikinsu da wutar bango ba, domin a rage kuɗin ƙira. Ba laifi muddin kome na rufe cikin roba, ramin eriya kuma an yi masa tasa kariya. Amma ran da ka huda baya ka sa ramin ƙarfe, ka fito da wutar bango waje ke nan. Za ta bi waya ta hau injin faifai, ta jira yaron da zai taɓa shi ba takalmi a kan damshin siminti. Irin wannan akwati ba a yi masa ƙofa sai an sa tiransifoma mai raba shi da wutar bango, in ba haka ba a bar shi yadda ya ke. Nawa ya auna, ya duba taswirarsa, ya tabbata a rabe ya ke, kana ya taɓa shi.

Ban da wannan, jar wayar nan mai kauri da ke manne a jikin kwalba da faifan roba tana ɗauke da bolt wajen 25,000, kwalbar kuwa ta kan riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Babbar kafasitar da ke kusa da mashigar wuta ita ma ta kan riƙe fiye da bolt 300. Kwalbar da kanta, da ya ke ba iska a ciki, in wuyanta ya karye ko ta faɗi tana iya tarwatsewa. Gilashinta kuma akwai dalma a ciki. Mu mutanen Jihar Neja mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Ƙaramar Hukumar Rafi a 2015, ko da ya ke waccan daga haƙar zinariya ta fito. Saboda haka kada a fasa mataccen talabijin a bola, kada a ƙone shi, kada a bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa.

Abin Da Ya Kamaci Malami

Aikinmu ba riƙe ƙarfen dalma ba ne. Namu shi ne mu san abin da za mu tambaya. Duba bayan akwati da kyau tukuna. Duba irin ramin da na'urarka ke da shi. Kai wa gwani, ba yaron da ya fara koyo jiya ba. Tambaye shi ko cikin akwatin a rabe ya ke da wutar bango, ka kuma roƙe shi ya auna sabon ramin a gabanka bayan ya gama. In ya yi fushi da tambayar, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Ni dai ramin rawaya aka sa mini, da makunni ɗaya a gefe, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na sabon filasma ba. Ran Litinin na kunna a aji. Na nuna kalma na ce wa wata yarinya a layin baya ta karanta. Ta miƙe ta ce, "Baƙi, Malam, ga ƙugiyarsa nan." Na bar akwatin a hannun hedimasta da na gama kwanakina, na rubuta a jikinsa da alli cewa kada kowa ya buɗe bayansa.

In kun tafi naku gwajin, ku leƙa sito. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma mai ɗibarta sai ya san halin ƙudanta. Allah ya ba mu sa'a.